Shirin Nowel a babban gida

Asabar, 16 ga Nuwamba 2024

An raba aikin Nowel, wato Kirsimeti, yau a ɗakin Inna. Yaya babba zai nemo dabbar yanka, matan gida su ji da tukunya, ni kuma aka ɗora mini ado da wasanni, wai tunda malamar lakwal ce ni, hayaniyar yara ba ta sa mini ciwon kai. Na karɓa da sharaɗi guda: kada wani ya zo mini daren 24 da zancen "ai ba haka aka saba ba". An ware mini jika goma sha biyar daga kuɗin da aka tara.

Ga wanda bai san gidanmu na Maradi ba, zuriya ce mai reshe biyu. Kakanmu ya karɓi bishara a Tsibiri a hannun turawan mishan na SIM, waɗanda suka fara sauka Damagaram a 1924 kafin su gangaro ƙasar Gobir. Ƴan'uwansa suka zauna kan musuluncinsu. Haka muka tashi muka tarar: ranar Layya a aiko mana da cinyar rago, ranar Nowel mu aika da shinkafa da miya. Akwai masu karɓar kwano amma ba sa zuwa taron, kuma ba wanda ke tsare su da tambaya. Masu zuwan ma suna da yawa: na Tsibiri, na Danja, ga ƙanena daga Yamai da matarsa Bazabarma. In kowa ya cika alkawari za mu haura arba'in, kusan rabi yara.

Abinci bai taɓa kasawa a taronmu ba. Matsalar tana bayan an sauke faranti. Maza su ja tabarma gindin dogon yaro, mata su koma madafa, samari da ƴammata kowa ya duƙufa kan wayarsa, yara su yi ta tsere har sai wani ya fasa leɓe. Kafin isha'i an watse, wanda ya sha hanya tun daga Yamai bai yi hirar kirki da kowa ba. Bana ina so a samu ko awa ɗaya da rabi da tsoho da yaro za su zauna wuri guda su yi dariya kan abu guda. Adon zan yi shi, amma shi ne ƙaramin aikin.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na shiga babbar kasuwa tunda yau take ci. Bishiyar roba akwai ta a wajen masu kayan ado, amma wadda ta kai ƙugu kaɗai za ta lashe kuɗin da aka ba ni. Mai shagon ya ce tun da aka rufe iyakar Benin kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, ko a ɗauko su daga Kano. Ban ga laifinsa ba, ban kuma saya ba.

Ita bishiyar nan al'adar Jamusawa ce tun ƙarni na 16. A tsakiyar sanyinsu itatuwa sun kaɗe, sai wani iri mai siraran ganye da ke zama kore, shi suke sarowa su kafa a ɗaki. Ba ta bazu sosai a Ingila ba sai bayan da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert da ƴaƴansu kewaye da tasu a 1848. To in dai icen da ke da ganye lokacin da kowa ya bushe ake nema, mu gawo gare mu, mai zubar da ganye da damina ya yi shar a Disamba. Sai dai ko da wasa ba zan sa a saro reshensa ba. Doka ta kare shi, ga ƙaya, ga Baba. Baba na cikin manoman da suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma a gona, tun da wani Bature mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa shi nan ƙasar Maradi a shekarun 1980, kuma har yau ranar da ya tarar an sare ɗan toho a gonarsa, tuwon dare ba ya yi masa daɗi.

Da kara za mu yi. An gama girbi, karan dawa na jibge a gona, ba mai tambayarka ko dala.

Na sayo zaren buhu, ƙaro, shuni, gangamau, da karan dafi a rumfar dukawa. Na ƙara da igiyar ƙananan fitilu masu aiki da batir, don ba na son dogara da kuran a daren da kowa ya kunna nasa. Telan unguwarmu ya ce zai tara mini ƙyallayen atamfa. Lokacin ɗinkin anko ne, ba zai rasa ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Bishiya ta tsaya da ƙafarta. Gora muka kafa cikin tsohon bokitin fenti, aka cika shi da yashi da duwatsu. Tsawonta ya ɗara Yaya babba kaɗan. Karan muka yanka hawa-hawa, na ƙasa kamu biyu da rabi, ana ragewa har na can sama ya dawo ɗani ɗaya. Kowane kara a gicciye yake kan gorar, an ɗan juya shi daga na ƙarƙashinsa, sai abin ya tashi a murɗe.

Da farko ɗaurewa muke yi da zaren buhu, busasshen kara kuwa da ka ja zare sai ya tsage. Ɗan Yaya mai shekara goma sha ɗaya, wanda duk unguwa ta san shi da ƙera motar kara, ya tsaya yana kallonmu har haƙurinsa ya ƙare.

"Tanti, ba a matse kara. Ki yayyafa masa ruwa ya kwana, sannan a soke shi."

Ya feƙe ɓawon kara siri-siri ya mai da shi ƙusa, yana soka shi cikin totuwar wani karan yana haɗa hawa da hawa, zaren ya zama na riƙe gora kawai. Na sauka daga kujerar shugabanci na koma mai miƙo masa wuƙa. Ya ce ladansa cinyar zabo ranar 25, na ce an ba shi.

Rinin ƙyalle da takarda kuma ƴammata suka yi. Karan dafi da ɗan kanwa ya ba da ja mai kyau, irin na fatar dukawa. Gangamau ya yi rawaya, shuni ya yi abin da ya saba. Zoɓo ne ya ba mu kunya: a kofi ja wur, a takarda da ya bushe sai ya koma toka-toka. Ɗiyar ƙanwata ta kawo auduga wai a liƙa a matsayin ƙanƙara, yadda take gani a Facebook. Na ce ta ajiye. Hazon da ke sauka kan bishiyar kowace safiya ya ishe mu fari.

Lahadi, 1 ga Disamba

Bayan sujada na tara waɗanda ke kusa muka gwada wasanni. Na fara da na kujeru, wanda muke yi wa ɗalibai: a jera kujeru da ba su kai yawan mutane ba, a yi ta zagaye ana kiɗa, kiɗa na tsayawa kowa ya nemi wurin zama. Samari suka ture yara, ƙafar kujerar roba guda ta tafi, Inna ta ce ita da gwiwar nan sai dai ta yi alƙalanci. Matar Yaya kuwa tun da ta ga Baba ya fito da kujerarsa ya zauna kallo, ta ja mayafi ta shige madafa, ba ta sake leƙowa ba.

Na soke wasan kujeru. Gudun buhu da na cokali da lemun tsami sun tsira, amma na yara ne zalla.

Juma'a, 6 ga Disamba

Guduwar matar Yaya ta tsaya mini a rai duk makon nan. Wasannin taron iyali da ake kwasowa daga waje an gina su ne a kan cewa kowa na iya tsere da kowa, ya riƙe hannun kowa, ya yi wa kowa dariya. Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Suruka ba ta gudu gaban surukinta, ba ta cin abinci a gabansa, balle ta ture shi kan kujera. Inna ba ta kiran sunan ɗanta na fari, shekara hamsin ke nan "wannan yaron" yake. Matan yayyena ba sa furta sunan Baba, har mai irin sunansa a unguwa sun sauya masa laƙabi. Duk wasan da ya taka wannan, mutane ba za su ce ba sa so ba, zamewa kawai za su yi ɗaya bayan ɗaya, ka waiga ka ga kai kaɗai da yara.

Amma gidan da ya ba mu kunya shi ya ba mu wasa. Jika da kaka ba shamaki: jikokin Inna maza duk "mazajenta" ne, kullum tana ƙorafin ba su kawo cefane ba. Taubasai, ƴaƴan mace da ƴaƴan namiji, tsiya ce tsakaninsu tun daga kuɗin shara na watan cika-ciki har zuwa ranar aure. Ƙanin miji da matar wa haka. Ga kuma matar ƙanena: Bazabarma a gidan Gobirawa, tun ranar da aka kawo ta ba ta huta ba, ba ta kuma bari an huta ba. Wannan wasan na tsakanin dangi da ƙabilu na Nijar har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, mu kuwa muna da shi a tsakar gida muna neman aron na wasu.

Sai na ɗauki kaye na rubuta sunan duk wanda ake sa ran zuwansa. Tsakanin masu kunyar juna na ja jan layi, tsakanin abokan wasa na ja shuɗi. Shafin ya cika da layuka har ba ya karantuwa, na sake a bayan tsohuwar kalanda. Daga nan tsarin ya fito da kansa. Zama zai kasance da'ira, kuma ba mai jan layi da zai zauna kusa da ɗan'uwan jan layinsa ko ya fuskance shi kai tsaye. Kowane tsoho a sa masa jika a dama da hagu. Rukuni biyu za a yi, ƴaƴan maza da ƴaƴan mata, don taubasai su samu inda za su zuba tsiyarsu. Surukai mata a bayan Inna da Gwaggo, inda za su yi dariya ba a ga haƙoransu daga ɓangaren Baba ba.

Wannan ya rushe mini shirin musayar kyauta da ƙanena ya kawo shawara daga Yamai, wanda kowa ke zaro sunan wani a hula ya saya masa abu a ɓoye. In matar Yaya ta zaro Baba fa? Ba ta iya karanta sunan a fili, ba ta iya miƙa masa. Yanzu ba suna. Kowa ya zo da abu a ƙunshe wanda bai wuce dala ɗari ba, a jefa a kwando, na manya daban na yara daban. A liƙa wa kowane ƙunshi lamba, a zari lamba a hula, yara su yi aikin kai wa mutum nasa. Na kafa doka: sabulu, ashana, goro, turare, tocila, duk sun halatta. Abin da zai sa dattijo ya sunkuyar da kai in ya kwance a gaban jama'a, a bar shi a kasuwa. Na faɗa ina kallon taubasaina, don na san da su nake.

Lahadi, 8 ga Disamba

Yara sun taso da maganar gina ɗan garke na haihuwar Yesu a ƙofar gida. Wani abokinsu ɗan Katolika ne ya nuna musu nasu, kuma iyayensa sun zauna Burkina, inda yara ke gina irinsa da laka a ƙofar gidaje duk Disamba. Asalin abin daga Italiya ne: Faransis na Assisi ya shirya shi a ƙauyen Greccio a 1223, da sa da jaki masu rai da komin ciyawa. Laka ba ta yi mana wuya ba. Katangar bayan gida da ruwan ƙarshen Agusta ya kayar, ruwan da ya yi wa garin nan ɓarnar da har ta sa aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, tubalinta na nan a tare.

Inna ta ce atafau. Ita a ikilisiyar da ta tashi ba a ƙera siffar Yesu ko ta Maryamu, ba za a fara a ƙofarta ba. Ana cikin haka Baba Alhaji, ɗan ɗan'uwan kakanmu, ya shigo gaisuwa ya tarar da gardamar. Shi ma ya ce in an ƙera mutum-mutumin Annabi Isa ba zai ji daɗin ratsawa ta gabansa ya shigo ba. Karo na farko ke nan da na ga shi da Inna sun tsaya layi ɗaya kan maganar addini, har su kansu abin ya ba su dariya.

An daidaita a kan haka: a gina garken, a yi masa rufin kara, a ƙera tumaki da jaki da raƙumi, a sa komi da ciyawa da ɗan farin ƙyalle a naɗe, amma ba siffar mutum ko ɗaya. Baba Alhaji ya ce to a kafa ganyen dabino a gefe, tunda a cikin Suratu Maryam gindin dabino naƙuda ta kai ta, aka ce ta girgiza shi ya zubo mata da nunannu. Ya ce dabinon ci kuma shi zai kawo. Daga nan ya juya ga Baba:

"Yaya, wai ku an tabbatar muku ran 25 ɗin aka haife shi?"

Baba ya ce Luka da Matiyu ba wanda ya faɗi rana. A Roma aka fara rubuta bikin a 25 ga Disamba, shekara ta 336, kuma har gobe Habasha da Kibɗawan Masar sai 7 ga Janairu suke nasu. Baba Alhaji ya ce ashe mu ma muna da rigimar ganin wata. Aka kawo fura.

Asabar, 14 ga Disamba

Tauraro ya kammala, kuma shi ne abin da na fi alfahari da shi. Kara goma masu tsawo ɗaya, biyar-biyar aka harɗa suka ba da tauraro biyu masu tsini biyar. Aka haɗa tsinin da tsini aka ɗaure, sannan aka cusa gajerun kara biyar a tsakiya suka buɗa cikin ya yi tudu. Takardar cikin buhun siminti muka shafa wa man gyaɗa har haske ke ratsa ta, aka liƙa da ƙaron da ya kwana a ruwa. Ƙaramar tocila ke ciki, an bar ƙofa a baya ta sauya batir. Kyandir ba zai kusanci wannan aikin ba, na faɗa na nanata. Kara, takarda mai mai da iskar hunturu, ba sai an yi wa mutumin Maradi bayani ba.

Ɓarna biyu aka yi a makon. Iskar daren Talata ta kayar da bishiyar, kara uku suka karye, injiniyanmu ya sauya su, muka ja ta lungun da katanga ke tare iskar gabas muka ƙara mata dutse. Ta biyu kuwa, ƴaƴan gawo da yara suka tsinto a ƙasa suka shirya a zare, masu lanƙwasa da launin ruwan goro, sun fi komai kyau a jikinta. Jar akuyar Inna ma haka ta gani. Ta cinye na hawa uku na ƙasa har da zaren. Yanzu ƙasan goruba ce da marafan kwalba da ƙananan ludaya, ƴaƴan gawo sun koma inda bakinta ba ya kaiwa.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar Jamhuriya, kowa na gida, sai muka yi gwaji na sosai da zaman da'ira. Tun bikin Maradi Kwalliya na 2015, shekarar da aka yi bikin ƙasa na ranar a garinmu, ban ga an share ƙofar gidanmu da irin wannan himma ba.

Babban wasan shi ne na ƙwarya. Gwaggo, wadda ke buga tulu a zumuntar mata, ta juya baya tana kiɗa, ƙwarya na yawo hannu zuwa hannu. Kiɗa na tsayawa, mai riƙe da ita ya zari takarda a ciki. Wata kacici-kacici ce, wata rabin karin magana ce a ƙarasa, wata karya harshe, wata kwaikwayon kukan dabba ko tafiyar wani a gidan. Ƙa'idar da ta gyara komai ita ce: in abin ya fi ƙarfinka ko girmanka, ka biya alawa ɗaya ka ɗora wa abokin wasanka. Baba ya zaro kukan zakara, ya ajiye alawa ya nuna jikarsa ƴar shekara shida. Ta yi cara har da kaɗa fiffike, ta ce saura kuɗin cefane. Da ƙwarya ta faɗa hannun matar Yaya, ta miƙa alawarta ta nuna ƙanin mijinta ba tare da ta ɗaga kai ba, shi kuwa aka sa shi maimaita zancen ƙato da kwaɗo da ƙoto sau biyar a jere. A na uku harshensa ya harɗe. Daga bayan Inna na ji wata dariya da ban taɓa ji a gaban Baba ba.

Kacici-kacici ya nuna mini abin da ban zata ba. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" ba yaron da ya san tsintsiya ce. "Baba na ɗaka, gemu na waje" sai da Inna ta nuna musu hayaƙin madafa. Ba su ma san ana ba da gari in an kasa ba. Inna ta karɓi Tasawa ta karɓi Madarunfa, aka ba ta Dakwaro ta ce ta yi nisa, a sake. Nan tsofaffi za su ci yara, don haka na ƙara wasu tambayoyin da yara za su rama: tutocin ƙasashe, lissafin ka, da na labarin haihuwa da suka koya a makarantar Lahadi, irin su kyautai uku na masanan gabas, zinariya da lubban da mur.

Dara na ajiye wa maza don bayan an tashi daga da'ira. An haƙa gurabu talatin gindin dogon yaro, layi biyar na shida-shida, kowane ɓangare da ƴaƴa goma sha biyu, ɗaya tsinke ɗaya tsakuwa. Samarin da suka iya lido da karta ba su san jera uku ake yi a ci ɗaya ba, huɗu kuma ba ci ba ne. Baba Alhaji ya ce zai koya musu, amma ba kyauta ba. Langa kuma samari sun roƙa, na yarda da sharaɗin a waje, a kan yashi, kuma autanmu ne ruwa don a rage mugunta.

Juma'a, 20 ga Disamba

Yaya ya kawo jan bunsuru da zabi. Kamar kowace shekara, maƙwabcinmu Malam zai yanka da safiyar 25, don kowa ya ci hankali kwance, na gida da waɗanda za a kai wa kwano. Latas da tumatir an yi magana da mai lambu a Jiratawa. Aya ta jiƙu don kunu, cincin an soya an kulle a ɗakin Inna, makullin na ɗaure a bakin zanenta.

Wata matsala ta ɓullo da ban sa a lissafi ba: kokowa. Yau aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa ta neman takobi, bana a Doso, ƙasar Zabarmawa, kuma ranar 25 tana tsakiyarta. Mutanen garin da filin kokowarsu ke ɗauke da sunan Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin a Tawa a 1975, ba a raba su da tele da yamma. Matar ƙanena ta riga ta bugo waya tana cewa Gobirawa su shirya kuka. In na ce a kashe tele, mazan za su bi ta gidan maƙwabta. Na yanke cewa tele na ɗakin Yaya, a rufe, yaro ɗaya ne ɗan aike. In ɗan Maradi zai shiga fili, Gwaggo ta tsai da tulu, a je a gani a dawo. Yaya ya ce haka ya yi. Ban yarda da "a dawo" ɗin ba sosai, shi ya sa rabon kyauta zai zo a ƙarshe.

Litinin, 23 ga Disamba

Mutanen Yamai sun iso jiya da dare. Ɗan ƙanena ya zo da jar hula da gemun auduga yana son ya yi Baba Nowel. Da ya gwada, ƴar autar gidan ta tsandara ihu ta shige ƙarƙashin gado. An miƙa gemun ga mai fitowa a Hirudus a wasan kwaikwayon majami'a na gobe da dare, wanda dama ya fi kowa samun tafi duk shekara.

Tsarin ranar Laraba ga shi yadda ya tsaya. Sujada da safe, ƙungiya-ƙungiya za su yi waƙa, ba a fitowa da wuri. Ana dawowa yara su fita rabon kwanuka, na rubuta gidajen a takarda don kada a tsallake kowa kamar yadda aka tsallake gidan mai unguwa wata shekara aka yi ta ban haƙuri har Janairu. Abinci da azahar. Da'ira bayan la'asar, wajen huɗu da rabi. Rana na faɗuwa shida da ƴan mintoci, don haka shida daidai za a tsaya, an tanadi tabarma da butoci a zaure ga masu salla. Bayan magariba a kunna tauraro da fitilu, a raba kyauta. Kaskon wuta na tsofaffi zai zauna can gefen rijiya, taku goma daga bishiya, na auna da ƙafata.

Kuɗi: saura jika biyu da dala arba'in, kuma batir da alawa za su cinye su.

Abin da bai kammala ba: takardun ƙwarya ashirin na rubuta, ina son talatin. Raƙumin laka ya tsage a wuya, an ɗaura masa ƙyalle kafin a ga ko sabon zai bushe. Kwandon kyautar manya ƙunshi tara kawai ke ciki, maza ko ɗaya ba su kawo ba. Sannan Gwaggo ta aiko da yamma cewa surukarta ta Danja za ta zo da mahaifiyarta, wadda ba ta cikin kalandata, kuma jan layi ne tsakaninta da mutum uku a da'irar. Gobe da safe kafin a ɗora tukunya zan sake jera wuraren zama.